Furfura Ba Ta Wanke Jini: Nazarin Fina-finan Tsohon Ɗan Mafiya

Tsakanin 2019 da 2022 masana'antar fim ta Amurka ta fitar da labarai biyu da suka ɗauko mutum iri ɗaya, kowanne ya bi da shi tasa hanyar. Na farko shi ne The Irishman na Martin Scorsese, wanda Netflix ta saki a 2019. A ciki Robert De Niro ya fito a matsayin Frank Sheeran, tsohon makashin 'yan Mafiya da ke ƙarasa kwanakinsa a gidan kula da tsofaffi. Na biyu shi ne Tulsa King, fim mai dogon zango da ya fara a Paramount+ a Nuwamban 2022, inda Sylvester Stallone ya fito a matsayin Dwight Manfredi, ɗan shekara 75 da ya fito daga kurkuku bayan shekara 25, ya je ya kafa sabuwar daula a garin da bai taɓa takawa ba. Dukansu tsofaffi ne, dukansu sun zubar da jini, kuma kowannensu yana da 'yar da ta yanke hulɗa da shi.

Kan 'yan kallo ya rabu a kansu. Wasu suna cewa The Irishman ya cika tsawo, kusan awa uku da rabi na tsofaffi suna hira a mota da gidan abinci, alhali Tulsa King akwai armashi da raha da dambe. Wasu kuma suna ganin na Stallone wasan yara ne in an ajiye shi kusa da aikin Scorsese. Wannan gardama ta tsaya a kan daɗin kallo, ta tsallake abin da ya fi muhimmanci. Tsufa yana jawo tausayi da kansa. Da zarar mun ga furfura da tafiyar sanda, zuciyarmu ta yi laushi tun kafin mu san abin da mutumin ya aikata. Mai shirya fim ya san da haka, kuma zai iya amfani da wannan laushin ya kai mu gaban gaskiya, ko ya yi amfani da shi ya wanke mai laifi. Don haka ma'aunin da nake ɗora irin waɗannan fina-finai a kai guda ɗaya ne: me labarin ya yi da mutanen da tsohon nan ya cuta?

Yadda ɗan Mafiya ya tsufa a fim

A farkon wannan nau'i na fim, ɗan ta'adda ba ya kai wa ga furfura. Little Caesar da The Public Enemy, duka na 1931, da Scarface na 1932, sun fito ne a zamanin da Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da fasa-ƙwaurin barasa ya mai da 'yan iskan unguwa attajirai. Jaruman waɗannan fina-finai matasa ne masu zafin kai, sukan hau sama da sauri su faɗo da sauri. A The Public Enemy, gawar James Cagney aka naɗe aka jingine a ƙofar gidan mahaifiyarsa. Daga 1934 aka fara tsaurara dokar tace fina-finai da aka fi sani da sunan Hays, wadda ta hana a nuna laifi ta yadda mai kallo zai goyi bayan mai aikata shi. Harsashi ne ke yanke hukunci, kuma yana yankewa da wuri.

The Godfather na Francis Ford Coppola, a 1972, shi ya buɗe wata ƙofar. Vito Corleone, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, ya mutu ne a lambun tumatir yana wasa da jikansa, mutuwar dattijon arziki. Coppola ya dawo a kashi na uku a 1990 ya ba ɗansa Michael akasin haka. Michael ya tsufa da ciwon sukari, yana neman halatta dukiyarsa ta hanyar hulɗa da fadar Paparoma, ya furta wa wani babban limamin coci cewa shi ya sa aka kashe ɗan'uwansa Fredo, sannan aka harbe 'yarsa Mary a gabansa a matakalar gidan wasan kwaikwayo na Palermo. Ya mutu shi kaɗai a kan kujera a wani tsakar gida a Sisili.

Abin da ya faru a zahiri ma ya taimaka. A 1970 majalisar Amurka ta yi dokar RICO, wadda ta ba da damar a gurfanar da shugaban ƙungiya kan laifin da yaransa suka aikata a ƙarƙashin inuwarta. A babbar shari'ar da aka yi wa shugabannin Mafiya na New York a 1986, an samu Tony Salerno da Carmine Persico da Anthony Corallo da laifi, aka yanke wa kowannensu shekara 100. Persico ya mutu a tsare a 2019 yana da shekara 85. John Gotti, wanda jaridu suka yi ta yayata kwat ɗinsa da gyaran gashinsa, ya mutu a asibitin kurkuku a 2002 da cutar kansar maƙogwaro. A Italiya, Totò Riina ya mutu a tsare a 2017 yana da shekara 87. Ƙarshen ɗan Mafiya ya tashi daga kan titi ya koma gadon asibiti, fim kuma ya bi shi can.

Akwai dalili na uku, shi ne su kansu masu yin fina-finan sun tsufa. Lokacin da The Irishman ya fito, Scorsese da De Niro da Al Pacino da Joe Pesci duk sun haura shekara 75. Su ne suka gina wa ɗan Mafiya kwarjininsa a idon duniya tun suna samari, sai ga shi sun dawo suna duba abin da suka gina.

Turakun da labarin ke tsayuwa a kai

Wanda ya kalli irin waɗannan fina-finai da dama zai ga wasu abubuwa suna maimaituwa. Na farko shi ne dawowa. Tsohon yakan fito daga kurkuku ko daga maɓoya ya tarar duniya ta wuce shi. A Once Upon a Time in America na Sergio Leone, na 1984, Noodles ya dawo New York a 1968 bayan shekara 35 yana ɓoye, ya tarar unguwarsu ta sauya, amintakar da ya gina rayuwarsa a kanta ma ashe akwai cin amana a ƙarƙashinta. A Carlito's Way na 1993, Carlito ya fito yana son ya tara dala 75,000 ya tafi Bahamas ya shiga sana'ar hayar motoci, amma tsofaffin abokai da wani yaro mai tasowa da ya wulaƙanta suka tare masa hanya, aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa yana dab da tsira.

Na biyu shi ne jiki. Hannun da ya saba riƙe bindiga yanzu yana rawa, ƙwaƙwalwa tana zubewa. A kashin ƙarshe na The Sopranos, a 2007, jarumin shirin, Tony, ya ziyarci baffansa Junior a asibitin gwamnati, ya tuna masa cewa shi da mahaifin Tony su ne suka taɓa juya arewacin New Jersey. Tsohon bai tuna ba. Mutumin da ya ba da umarnin kashe-kashe saboda girma da matsayi ya kai ranar da bai san ya taɓa riƙe matsayin ba.

Na uku shi ne alfahari da tsohon zamani. Tsofaffin nan kullum suna cewa a da akwai amana da kunya da riƙon sirri, yaran yanzu ne suka lalata sana'a. Fim mai gaskiya yakan tona wannan ƙarya. A Atlantic City na Louis Malle, na 1980, Burt Lancaster ya fito a matsayin Lou, tsohon ɗan aiken 'yan caca mai cika baki cewa ya yi zamani da manya, alhali bai taɓa zama kowa ba. Ranar da ya harbe mutum biyu da gaske, murna ta kama shi, yana kallon labarin a talabijin yana shelar cewa shi ne. Wannan fitowa tana tayar da tsigar jiki, domin ta nuna mutumin da bai da wani abin tinƙaho a rayuwa sai kisa.

Na huɗu kuma, wanda ya fi duka nauyi, shi ne iyali, musamman 'ya mace. Kotu takan iya kuskure, abokan laifi sukan mutu, amma 'yar da ta tashi a gidan ta ga komai. A hannunta hukuncin yake. Yadda fim ya bi da wannan 'ya shi ke nuna inda ya dosa.

The Irishman: tsufa a matsayin hisabi

An ɗauko The Irishman daga littafin Charles Brandt na 2004, wanda ya ƙunshi hirarrakinsa da Frank Sheeran kafin ya mutu a Disamban 2003. Sheeran tsohon sojan yaƙin duniya na biyu ne, direban babbar mota, wanda ya zama yaron Russell Bufalino, shugaban Mafiya na arewa maso gabashin Pennsylvania, sannan ya zama na hannun daman Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Teamsters. Hoffa ya ɓace ranar 30 ga Yulin 1975 a wajen birnin Detroit, har yau ba a ga gawarsa ba. Sheeran ya ce shi ya kashe shi.

Tun daga fitowar farko Scorsese ya nuna abin da yake nufi. A fim ɗinsa Goodfellas na 1990 akwai shahararriyar fitowa inda kyamara ke bin matashin ɗan Mafiya da budurwarsa ta ƙofar baya zuwa cikin gidan rawa na Copacabana, kowa yana gaishe shi, ana ɗauko masa tebur na musamman. A The Irishman kyamarar tana irin wannan tafiya, amma a barandar gidan tsofaffi, ta wuce ma'aikatan jinya da masu keken guragu, ta tsaya a gaban Frank yana zaune shi kaɗai. Daga nan yake ba da labari, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Wata dabarar ita ce rubutun da ke fitowa a allo. Sau da yawa in aka nuna wani babba yana cikin izzarsa, sai hoton ya tsaya, a rubuta yadda ya mutu. Angelo Bruno, an harbe shi a ka yana zaune a mota a ƙofar gidansa a 1980. Philip Testa, bom mai ƙusoshi ya tashi da shi a barandar gidansa a 1981. Kafin mai kallo ya fara sha'awar mutum, an riga an nuna masa kabarinsa. Kashe-kashen da Frank ke yi ma an cire musu ado: taku biyu, harbi biyu, a jefa bindiga a kogi. Kisan Hoffa haka yake. Mutumin da ya yarda da Frank har suna kwana ɗaki ɗaya a otal, ya shiga wani gida da babu kowa saboda ya ga Frank yana tare da shi, ya juya zai fita, Frank ya harbe shi a ƙeya.

Sai Peggy, 'yar Frank. Tana ƙarama wani mai kanti ya ture ta, mahaifinta ya ja hannunta zuwa kantin, ya wurgo mutumin ta ƙofar gilashi, ya tattake masa hannu a bakin titi tana kallo. Daga ranar ba ta ƙara sakin jiki da shi ba. Ido kawai take bin sa da shi in zai fita da dare, ta kuma dube shi da safe in rediyo ko talabijin sun ba da labarin kisa. Da Hoffa ya ɓace, tambaya ɗaya ta yi masa: me ya hana shi kiran matar Hoffa? Ba ta sake yi masa magana ba har abada. Bayan shekaru, Frank ya dogara sanduna ya bi layi a bankin da take aiki, da ya kusa isowa gabanta ta rufe tagarta ta tashi.

An soki Scorsese cewa ya ɗauko jaruma kamar Anna Paquin a matsayin Peggy ya ba ta kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. Na fahimci sukar, domin fina-finansa na Mafiya sun daɗe suna ajiye mata a gefe. Amma a nan shirun shi ne hukuncin. Frank gwanin kawo uzuri ne, duk wata magana da aka yi masa zai samo mata amsa, kamar yadda ya ce wa wata 'yar tasa kare su yake yi. Ita kuwa ta gaya masa cewa tsoron abin da zai aikata ya hana su kawo masa kukansu tun suna yara. Shirun Peggy ne kaɗai abin da ba shi da amsarsa.

Rabin awar ƙarshe ita ce zuciyar fim ɗin. A kurkuku Russell ya shanye, haƙora sun zube, yana tsoma burodi a ruwan inabi don ya iya haɗiya. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Jami'an FBI suka zo wa Frank suka ce kowa ya tafi, har lauyansa, babu sauran wanda zai kare, ya faɗi gaskiya ko don 'ya'yan Hoffa su samu natsuwa. Ya ƙi. Ya je ya zaɓi akwatin gawarsa da kansa, kore, har da neman ragi. Ya nuna wa wata matashiyar ma'aikaciyar jinya hoton Hoffa, ba ta san ko waye ba. Limamin coci ya tambaye shi ko yana jin nadama game da iyalan waɗanda ya kashe, ya ce bai san iyalan ba, sai guda ɗaya. Fim ɗin bai ba shi hawayen da za su wanke shi ba. Ya bar shi da abin da Bahaushe ya daɗe da faɗi, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Tulsa King: tsufa a matsayin sabuwar ƙuruciya

Taylor Sheridan ne ya ƙirƙiro Tulsa King, Terence Winter, ɗaya daga marubutan The Sopranos, ya jagoranci zangon farko. Dwight ya yi shekara 25 a ɗaure bai tona asirin kowa ba, yana sa ran tukwici. Maimakon haka iyayen gidansa na New York suka tura shi Tulsa a jihar Oklahoma, wato dai kora da ladabi. Daga saukarsa ya mai da wani matashin direban tasi, Tyson, direbansa, ya shiga wani shagon sayar da tabar wiwi, wadda jihar ta halatta don magani tun 2018, ya sumar da mai gadi, ya gaya wa mai shagon cewa daga yau yana da kaso a cinikinsa a madadin kariya. Mai shagon ba ya fuskantar barazanar kowa a lokacin sai ta Dwight ɗin kansa.

Ba a musun cewa shirin yana da daɗin kallo. Stallone yana da farin jini, kuma akwai raha a ganin mutumin da bai san wayar zamani ba yana fama da duniyar da ba ta karɓar tsabar kuɗi. Irin wannan raha Lilyhammer ya riga ya gwada a 2012, inda Steven Van Zandt ya fito a matsayin ɗan Mafiyar New York da ya koma wani ƙaramin gari a Norway. Akwai kuma wani abu na gaskiya a ciki, wato zafin mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa ga iyayen gidan da suka yar da shi da ya gama amfani.

Matsalar tana cikin yadda marubutan suka share wa Dwight hanya. Kisan da ya kai shi kurkuku, da aka zo nuna shi, sai ya zama na jinƙai: wasu ne suka ɗaure mutum a ginin da ya kama wuta, Dwight ya harbe shi don kada ya ƙone da ransa. Wanda ya kashe bayan fitowarsa kuwa mutum ne da ya ci zarafin 'yarsa Tina lokacin yana tsare. Abokan gabarsa na Tulsa 'yan daba ne masu babura da suka fi shi mugunta nesa ba kusa ba. Dillalin motar da ya daka, wariyar launin fata ya nuna wa Tyson. Duk wanda hannun Dwight ya sauka a kansa, an riga an shirya mana dalilin da zai sa mu ce ya yi daidai. Waɗanda ya yi wa ƙwace ma daga baya sun zama abokansa, sun yi arziki, suna gode masa. Tina, wadda ta yi shekaru ba ta ji muryarsa ba, ta dawo gare shi tun zangon farko bai ƙare ba.

Mutum ɗaya ne a shirin yake magana da muryar gaskiya, shi ne mahaifin Tyson, mai gyaran famfo, wanda ya ga inda ɗansa ya dosa ya yi ta jan kunnensa. A zango na biyu bom ɗin da aka dasa a motar Dwight shi ya samu. A nan shirin ya kusa taɓa gaskiya, ya nuna cewa wanda bai ci ba bai sha ba shi ke biyan bashin. Amma ba a daɗe ba labarin ya juya zuwa ramuwar gayya, aka koma inda aka fito. Dwight yana yawan cewa ya yi nadamar rayuwar da ya zaɓa, yana faɗar haka yana kuma ɗaukar sababbin yara yana koya musu ita. Wannan shi ne tuban muzuru, kuma shirin yana so mu tafa masa.

Abin da za a iya cewa a ɗaya ɓangaren

Mai kare Tulsa King zai ce nishaɗi ne, ba wa'azi ba, kuma babu wanda zai kalli Stallone ya je ya buɗe ƙungiyar ƙwace. Haka ne, ban kuma ce fim sai ya ƙare da hukunci irin na zamanin Hays ba. Fim zai iya barin mugu ya ci nasara ya kasance mai gaskiya, domin a duniya ma hakan na faruwa. Abin da ba zai yi ya zauna lafiya ba shi ne ya ɓoye wanda aka zalunta. Ƙwacen da babu wanda ya yi asara a cikinsa, kisan da babu maraya a bayansa, waɗannan ba su wanzu a ko'ina ba sai a rubutun marubuci. In aka yi ta nuna su shekara da shekaru, ido yakan saba.

Shi ma The Irishman bai tsira daga suka ba. Fasahar kwamfuta da aka yi amfani da ita aka mai da fuskokin jaruman ƙuruciya ba ta iya mai da jikinsu ba. A fitowar mai kanti, fuskar De Niro ta ɗan shekara arba'in ce amma shurin na dattijo ne. Babbar sukar kuwa ita ce ta gaskiyar labarin. Masu bincike da dama ba su yarda Sheeran ne ya kashe Hoffa ba. Jinin da aka samu a gidan da ya nuna a Detroit, gwaji ya tabbatar ba na Hoffa ba ne. Jack Goldsmith, farfesan shari'a a Harvard, wanda Chuckie O'Brien ya riƙe, ya fitar da littafi a 2019 yana kare O'Brien daga zargin cewa shi ya tuƙa motar da ta ɗauki Hoffa, abin da fim ɗin ya nuna kamar tabbas ne. Wannan suka tana da nauyi, domin mutane ne na gaske masu iyalai na gaske. Fim ɗin da ya fi kowanne tona ƙaryar ɗan Mafiya, shi ma a kan maganar ɗan Mafiya ya dogara, kuma mamatan da ya lissafa a allo galibinsu 'yan ƙungiya ne, iyalansu ba mu gan su ba. Duk da haka ya yi abin da ɗayan ya kasa: ya sa rashin nasu ya zama rami a tsakiyar labarin, ya tilasta wa Frank ya faɗa da bakinsa cewa bai ma san su ba.

Tuba da haƙƙin mutane

Wannan magana ta wuce allon talabijin. Sammy Gravano, wanda ya amsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19 kafin ya ba da shaida a kan Gotti a 1992, yau yana da shirinsa a intanet inda yake ba da labaran zamaninsa ga ɗimbin masu sauraro. Ba shi kaɗai ba ne, tsofaffin 'yan Mafiya da dama sun mai da tarihinsu haja a YouTube. Kasuwar da fim ya buɗe wa dattijon ɗan ta'adda mai daɗin hira, su suke ci yanzu, yayin da 'ya'yan waɗanda suka kashe suke raye suna gani.

Mai kallo Bahaushe yana da ma'aunin da zai auna wannan da shi, tun daga makarantar allo da zauren malam. An koya mana cewa tuba tana da sharuɗɗa: a daina laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne mai wuya, shi ne kuma wanda ake yawan tsallakewa, a fim da wajen fim. Duk wanda ya ga an yi bikin karɓar tubabbun 'yan daba ko 'yan bindiga, an ɗauki hoto, an raba kyauta, ya san tambayar da takan rage a bakin mutanen gari: wa ya je ya tambayi matar da aka kashe wa miji?

In aka ɗora mutanen biyu a wannan ma'auni, babu wanda ya tuba a cikinsu. Dwight bai ma daina ba. Frank ya daina ne don ƙarfi ya ƙare, kuma da aka ba shi dama ta ƙarshe ya sauke haƙƙin iyalan Hoffa da kalma ɗaya, ya zaɓi riƙe amanar matattun iyayen gidansa. Bambancin yana wurin masu ba da labarin. Scorsese ya san Frank bai tuba ba, ya kuma nuna mana haka ƙarara. Masu Tulsa King sun san Dwight bai tuba ba, amma sun shirya komai don kada mu lura.

Shi ya sa nake ganin The Irishman, da tsawonsa da kurakuransa, ya fi cancantar lokacin mai kallo, kuma shi ya kamata marubutanmu su yi nazari in za su taɓa labarin tsohon ɗan daba ko tsohon ɓarawon gwamnati da ya koma dattijon unguwa mai carbi. Girmama tsoho tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita. Amma girman furfura haƙƙin shekaru ne, ba ya biyan bashin jini. Duk labarin da ya kawo mana tsohon azzalumi ya nemi mu tausaya masa, muna da ikon mu tambaye shi inda ya kai waɗanda aka zalunta, in kuma ba shi da amsa, mu riƙe tausayinmu mu ba waɗanda suka fi cancanta da shi.